Alewar Ruwan Wando

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokin Layin Ganga.

Ta zo mu ji ta, Kaka Effie, in dai ba ta ɓera da kyanwa ba ce.

Ba ta ɓera ba ce, ta mutane ce. Wasunku ma jininsu ne, don haka wanda ya ji sunan kakarsa ya yi haƙuri ya gyara zama.

Wancan kangon da ke bakin kwatar jiragen Greenock, wanda kuke haurawa kuna kama tattabaru, ni na san shi da ransa. Asalinsa rumbun kifi ne. Kakan attajiran nan su Rennie ya saya ya kafa tukwane, ya ɗauko Jamusawa su riƙa dafa masa sukari, wurin ya zama Gidan Sukari. Mazanmu da suka gangaro daga tsaunuka, da 'yan ƙasar Ailan da yunwa ta koro, su ne masu ɗauka da saukewa. Sau biyu yana cin wuta. A gobara ta biyu ina yarinya, da idona na ga narkakken sukari yana malala a titi kamar kwalta har cikin teku. Kuma duk ƙonewa sai a sake gina shi ya fi da tsawo, bene kan bene, har ya tare mana hantsi.

Jirage na kawo mazarƙwaila daga tsibiran rake, baƙa, jiƙaƙƙiya, da tsakuwarta da matattun kyankyasanta. A narka ta, a tace ta cikin gawayin ƙashin shanu, ta fito fara tas kamar ba ta taɓa ganin datti ba. Zafin cikin gidan kuwa, ko ƙanƙara ake yi a waje, namiji ba ya iya sa riga. Daga shi sai wandon tamfol. Maɗi ya fantsama, ya bushe, wani ya hau kan wani, ranar Asabar in an tashi da azahar wandon nan kina iya ajiye shi ya tsaya da ƙafafunsa. Mai gadin ƙofa yana lalube aljihu, yana buɗe kwanon abinci, har hula yana ɗagawa. Amma ba shi da ikon ce wa mutum tuɓe wandonka ka tafi gida tsirara.

To, mu matan sai mu karɓi wandon mu jiƙa shi a ruwan zafi, ba sabulu. Mu matse, mu tace da ƙyalle, mu ɗora ruwan a wuta har ya yi kauri ya koma ja. Sunansa a wurinmu ruwan wando. Shi muke ɗiga wa yara a kunu, shi ne maganin tari, shi ne abin rarrashi. Mazanmu na yin sukarin da duk ƙasa ke sha, amma sukarin kanti ya fi ƙarfinmu. Wani mijin ma in ya ga bakuna sun yi yawa a gida, sai ya ɗan jingina da gangar maɗi kafin a tashi.

Kowa a layi ya sani, ba mai faɗa. Tsohuwar layinmu, Iya Doherty, wadda ita ta karɓi haihuwar rabin mutanen wurin, tana gaya wa kowace amarya ranar da ta tare: "Yarinya, ruwan wando ba ya ƙetare bakin layi. Ba a sayarwa, ba a ba baƙo. Abincinmu ne, kuma kunyarmu ce."

Ɗakin da ke jikin nawa na Ishbel ne, matar Lachlan. Kafin aure ta yi aikatau a gidan wani likita, a can ta koyo goge dokin ƙofa da farin dutse da ɗaga ɗan yatsa in tana shan shayi. Ba muguwa ba ce, kar ku ce na ce. Ita ta kwana biyu a kaina da na haifi baban wasunku. Sai dai tana da wani ciwo, ba ta son a haɗa ta da mu. Ranar da Iya Doherty ta yi mata wancan jawabi, toshe hanci ta yi ta ce, "Iya, ni? Allah ya kiyaye. Gumin ƙato zan ba 'ya'yana?"

Iya ta ce, "Bari su zo tukuna, 'yar likita."

Suka zo kuwa, Kirsty da ƙannenta, bi da bi. Ba a yi sanyi uku ba muka fara jin ƙamshi daga ɗakin Ishbel. Kuma da yake komai ta taɓa sai ta fi kowa, ba ta tsaya a maɗi ba. Ta riƙa sa ɗan man shanu, ta dafa har ya kama, ta zuba a faranti ta yayyanka. Alewa ke nan. Ni dai tun da nake ban ƙara cin irinta ba. Akwai ɗan gishiri-gishiri a ciki, akwai ƙamshin hayaƙi can ƙasa, saboda Lachlan tsakanin ɗakin gawayi da ɗakin maɗi yake aiki. Mukan tsokane shi mu ce, "Baban Kirsty, wane irin gumi ne da kai? Ara wa mijina wandonka na mako ɗaya mana." Shi kuwa mutum ne mai kunya, ƙato amma ba baki. Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Ku dai mata ba ku da ta ido."

Duk shekara ana cin kasuwa a zauren majami'a don taimakon matan da teku ta cinye mazansu. Matan masu gari su ke zama bayan tebura da kayansu. Mu matan leburori aikinmu wanke teburan kafin su zo da share wurin in sun tafi. Wannan abu ya daɗe yana ci wa Ishbel tuwo a ƙwarya. A shekarar da nake ba ku labari, sai na gan ta ta fito da faranti lulluɓe da farin ƙyalle.

Na ce, "Ishbel, mene ne wannan?"

Ta ce, "Sadaka."

Na ɗaga ƙyallen, na saki. Na ce, "Ke! Kin manta maganar Iya?"

"Effie, a goshinta aka rubuta daga ina ta fito? Alewa ce. Sau ɗaya dai ni ma in tsaya bayan tebur, ba a ƙarƙashinsa ba."

Aka ba ta ɗan gefen tebur kusa da ƙofa, inda iska ke shigowa. Kafin a jima farantin ya yi rabi. Fasto ya ci ya dawo. Can sai ga Uwargida Rennie, matar mai Gidan Sukari, doguwa, da safar hannu da hula mai gashin tsuntsu. Ta ɗauki guda ta sa a baki don a ga ta kyauta. Sai ta tsaya cak. Ta lumshe ido. Ni ina can da tsintsiya ina kallo.

Ta ce, "Wa ya yi wannan?"

Ishbel ta rusuna. "Ni ce, ranki ya daɗe. Matar Lachlan, na ɗakin gawayi."

"Ikon Allah. Mijina ke yin sukarin, amma ba a taɓa yin irin wannan a gidana ba." Ta kwashe sauran duka, ta ce a kawo mata wani farantin mako mai zuwa, tana da baƙi.

A hanyar gida Ishbel ba ta taka ƙasa. Ni na ce mata ta ce ba ta da lafiya, ta ce hannunta ya ƙone, ta ce komai. Ta ce sau ɗaya ne kawai. Sau ɗayan nan ya zama kowane mako. Alƙali ya ci, masu jirage suka ci, shi kansa Maigida Rennie an ce ba ya shan shayin la'asar sai da ita. Lachlan ya rame don fargaba. Ta bango ina jin su.

"Uwar Kirsty, ki rufa mana asiri. Ranar da aka gane, korata za a yi, kuma ɗakin nan nasu ne."

"Wa zai gane? Kai dai ka daina tsayawa nesa da ganga kamar baƙo."

"Yau har mai gadi ya ce min wandona ya fi na kowa nauyi."

"Ka ce masa kai ka fi kowa aiki."

Iya Doherty ta ji labari, ta zo da sandarta har ƙofa. Ba ta shiga ba. Ta ce, "'Yar likita, abincin 'ya'yan layin nan kike wasa da shi, ba naki kaɗai ba." Ishbel ta yi rantsuwa daga wannan makon ta daina.

Amma kafin ta daina, Uwargida ta aiko a kira ta. Tana son ta zo kicin ɗinta ta koya wa kukunta, don kada a riƙa wahalar da ita. Ishbel ta ji sanyi a ranta, ta ga mafita ta zo. Ta je, aka aje mata farin sukari mai ƙyalli, da man shanu sabo, da tukunyar tagulla da kina iya ganin fuskarki a ciki. Ta dafa. Alewa ta yi kyau a ido. Uwargida ta ɗanɗana ta ajiye.

"Ba ita ba ce."

Ishbel ta sake, ta ƙara gishiri. Ba ita ba ce. Ta sake, ta bari ta ɗan kama ƙasa don hayaƙi. Kuku na gefe tana murmushin mugunta. Uwargida ta goge yatsunta ta ce, "Akwai abin da kike ɓoyewa. Ban ga laifinki ba, kowace mace da sirrin tukunyarta. Amma ni ba a ɓoye min abu."

"Ranki ya daɗe, wataƙila ruwan unguwarmu ne."

"Wataƙila," in ji Uwargida.

Ranar Asabar da ta biyo, mazan sun dawo, kowane ɗaki ya ɗora ruwa, layi ya cika da tururi mai zaƙi. Ni ina ɗakin Ishbel na je aron matatar maɗi. Lachlan ya tuɓe ya miƙa wando, ya ɗaura tsohon patarin matarsa, yana zaune bakin gado yana cin dankali da kifi. Wando yana cikin babbar tukunya a kan wuta. Sai muka ji ƙarar keken doki a bakin layi, inda keken doki bai taɓa tsayawa ba sai na ɗaukar gawa. Kafin mu yi wani motsi, an tura ƙofa.

Lachlan ya yi tsalle ya faɗa gado ya ja labule, ƙafafunsa masu gashi suna leƙowa ta ƙasa.

Uwargida ta shigo tana fara'a, tana shaƙar iska. "Yauwa! Wannan ƙamshin nake nufi. Na ce bari in zo da kaina in ga ruwan unguwar taku. Kada ki damu da ni, ci gaba da aikinki."

Ishbel ta tsaya tsakaninta da murhu. "Ranki ya daɗe, wanki ne. Wanki kawai nake yi."

"Wanki da ƙamshin alewa? Haba, matar Lachlan." Ta yi dariya, ta zagaye ta, ta ɗauki muciya da hannunta mai safa, ta zura a tukunya ta ɗago.

Ƙafar wando ce ta fito, da facin da Ishbel ta yi a gwiwa, ruwa ja mai kauri na ɗiga daga gare ta. A gefen murhu ga ƙyallen tata, ga man shanu, ga faranti an shafe shi ana jira. Ba sai an yi wa kowa bayani ba.

Jikokina, Uwargida ta daɗe tana kallon ƙafar wandon. Ta kalli ƙafafun da ke ƙarƙashin labule. Ta mayar da muciya a hankali, ta ciro hankici ta danne bakinta. Wuyanta ya yi ja har kunne.

Ishbel ta zube a ƙasa. "Ranki ya daɗe, don Allah, mijina ba ruwansa. Ni ce. Kowa ma a layin nan yana yi, ba ni kaɗai ba ce, don yara ne..."

Kun ji inda ta kashe mu. Da ta tsaya a kan "ni ce", da wataƙila ta tsaya a kanta. Ni da ke tsaye da matatar a hannu, ji na yi kamar an tuɓe ni a kasuwa.

Uwargida ta ce, "Kowa?" Ta fita ta tsaya a ƙofa ta dubi layi, kowace taga na fitar da tururi. Ta hau kekenta ta tafi.

Muka zauna jiran kora. Lachlan ya je aiki Litinin kamar mai zuwa a rataye shi, ya dawo ba abin da ya faru. Mako ya wuce, wani ya wuce. Ashe Uwargida ba ta da bakin faɗa. Ta ce wa mijinta me? Cewa ta ciyar da shi da alƙali da fasto gumin lebura, tana yi musu alfahari da shi? Ita ma tata kunyar ta ishe ta. Sai ta bi ta wata hanya. An ce a wurin cin abinci ta ce masa ta lura leburorinsa na fita da wanduna masu ƙazanta, abin ba kyan gani a gari, kuma ko ya taɓa tunanin yawan sukarin da ke manne a jiki?

Shi kuwa Maigida Rennie in ka ce sukari na zuba ka gama da shi. Kafin sanyi ya shigo an gina ɗakin wanki a bayan Gidan Sukari. Aka kafa doka: kowa ya zo da wandonsa na gida, ya canza a ƙofa, na aiki ya zauna a ciki. Ranar Asabar a wanke su duka a manyan kwatarniyoyi, ruwan kuma a mayar da shi tukwanen dahuwa. Mazan suka yi ta dariya da farko, suna cewa yanzu duk ƙasa za ta sha guminsu a shayi. Mu matan ba mu yi dariya ba.

Sannan aka aiko wa Ishbel saƙo: Uwargida ta zaɓe ta ta shugabanci ɗakin wankin, tunda ta san aikin. Wanda ya kawo saƙon ya ƙara da cewa Uwargida na fatan Lachlan zai daɗe a wurin aikinsa. Ishbel ta gane. Toshiyar baki ce, kuma ba irin wadda ake mayarwa ba.

Sanyin shekarar nan ya yi tsanani. Yara suka riƙa ture kunu suna kuka, ba abin ɗigawa. Tari ya shiga layi, ɗaki bayan ɗaki, kina jin sa ta bango kamar ana sara itace. Ba wanda ya mutu saboda rashin maɗi, kar in yi ƙarya. Amma uwa ta san abin da ake ji in yaro ya miƙo cokali yana kallon kwalbar da ba komai a ciki. Kuma duk Asabar muna ganin Ishbel tana wucewa da sassafe, kanta a ƙasa, za ta je ta matse wa Rennie abin da dā namu ne.

Ba wanda ya zage ta. Da ma an zage ta da ya fi mata sauƙi. In ta zo famfo sai hira ta mutu, kowa ya cika bokitinsa ya tafi. Yara kuwa ba su da wannan ladabin, suna bin Kirsty suna waƙar 'yar mai alewar wando. A wurin aiki aka sa wa Lachlan suna Zuma, har ya mutu da shi ake kiransa. Ta daina goge dokin ƙofarta. Ta daina zuwa majami'a da safe, sai da yamma, ta zauna a bencin ƙarshe.

Wata rana da la'asar ta zo ta same ni, idanunta sun kumbura. Ta ce, "Effie, raka ni wurin Iya." Muka je. Iya Doherty tana zaune bakin wuta da jikarta a cinya, yarinyar na tari. Ishbel ta durƙusa tun daga ƙofa.

"Iya, na zo ki yafe min."

Iya ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ni me kika yi min? Ni ba haƙora gare ni ba balle in yi kewar alewa."

"Iya, don Allah."

"Da kika kai musu, ban ji zafi sosai ba. Na ce ƙuruciya ce, son a sani. Amma da matar nan ta kama ki, wa ya tambaye ki mu? Kunya ta zo miki ke kaɗai, kika ga ta yi miki nauyi, kika raba mana."

Ishbel ta kifa fuska a ƙasa tana kuka mara sauti. Iya ta bar ta ta yi mai isarta. Can ta ce, "Tashi, 'yar likita, ƙasan da sanyi. Karɓi yarinyar nan ki jijjiga min ita, hannuna ya gaji." Ishbel ta karɓa. Ba a ce an yafe ba, ba a ce ba a yafe ba. Amma washegari a famfo surukar Iya Doherty ta ce mata ina kwana, sauran suka bi a hankali, wasu sai bayan shekara, wasu har abada.

Iya Doherty ta rasu da bazarar da ta biyo, Ishbel na cikin waɗanda suka yi mata wanka. Uwargida Rennie ba ta ƙara halartar kasuwar majami'a ba, daga baya ta koma wurin 'yarta a Edinburgh, can ta mutu. Gidan Sukari ya ci gaba har lokacin da aka fara shigo da sukari mai araha daga ƙetare, wanda ake tatsa daga wata saiwa, sai 'ya'yan Rennie suka kashe wuta suka sayar da tukwanen wa masu tsohon ƙarfe. Lachlan ya koma dako a kwata, ciwon ƙirji ya kashe shi. Kirsty ta auri wani maƙerin jirgi suka tafi Kanada, ba ta dawo ba. Ishbel ta yi aiki a ɗakin wankin har ranar da aka rufe shi, ta ƙarasa tsufanta a ɗakin da ke jikin nawa, kuma ni na rufe mata ido.